3 ga Agusta: buki ne ko ranar hisabi?

Duk shekara, da zarar watan Yuli ya raba tsakiya, sai tsohuwar gardama ta sake tashi a rumfunan babbar kasuwar Maraɗi, da kasuwar Dole ta Damagaram, da tashar Tawa, da ƙarƙashin itatuwan dogon yaro na ma'aikatun Yamai: shin akwai abin yi wa buki ranar 3 ga Agusta? A da masu gardamar kashi biyu ne. Akwai mai cewa ranar da ƙasa ta samu mulkin kanta ba ta wucewa a shiru, ko da ana cikin wane hali. Akwai kuma mai cewa gidan da ake zaman makoki ba a kai masa makaɗi, kuma ƙasar da buhun hatsi ke cinye rabin albashin ƙaramin ma'aikaci ba ta da dalilin taka rawa. Tun daga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an samu kashi na uku, masu cewa abin da aka miƙa wa Diori Hamani a 1960 hoton ƴanci ne kawai, ɗiyauci na gaske sai yanzu aka kama hanyarsa, don haka ranar da ta cancanci kiɗa ta canza.

Abin lura shi ne, kashi na biyu da na uku, duk da ba su ga maciji da juna a siyasa, wuri ɗaya suke sauka: dukansu suna rage wa 3 ga Agusta daraja. Kowanensu yana da hujjojin da ba a ture su da hannu ɗaya, kuma ya kamata a saurare su har ƙarshe. Amma in aka auna hujjojin da tarihin ƙasar nan, za a tarar ranar ta fi ƙarfin a yar da ita. Abin da ke neman gyara shi ne yadda ake raya ta.

Abin da aka karɓa a 1960

Masu cewa ƴancin 1960 gurgu ne ba ƙage suke yi ba. A zaɓen raba gardama na 28 ga Satumban 1958, shugaban gwamnatin yankin, Djibo Bakary, da jam'iyyarsa ta Sawaba sun kira jama'a su ce wa Janar de Gaulle «a'a», kamar yadda Gine ta yi. Ana saura ƴan makonni a yi zaɓen Faransa ta aiko da sabon gwamna, Don-Jean Colombani, wanda ya jawo sarakuna da abokan adawar Djibo a jika. Aka sanar da cewa «i» ta samu kashi 78 cikin ɗari, alhali waɗanda suka fita jefa ƙuri'a ba su kai kashi 40 cikin ɗari na masu rajista ba. Kafin ƙarshen shekarar Djibo ya sauka, a 1959 aka haramta Sawaba, ƙasar ta shiga ranar ƴancinta da jam'iyya ɗaya tilo, PPN-RDA.

Ba a cika wata tara da saukar da tutar Faransa ba, ranar 24 ga Afrilun 1961, aka sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da ta ba Faransa fifiko wajen sayen ma'adinan da ke da muhimmanci ga yaƙi, uraniyom a cikinsu. Daga 1971 an shafe shekaru ana haƙar uraniyom a Arlit yana haska biranen Turai, amma a 2022 ɗan Nijar ɗaya cikin biyar kawai ke da wutar lantarki a gidansa. Kuɗin da ke aljihun ɗan kasuwa an ɗaure shi da na Faransa, har aka wayi gari ranar 12 ga Janairun 1994 darajarsa ta ragu da rabi, ba tare da an shawarci mai shago ko mai albashi ba. Ko taken ƙasa da ƴan lakkol suka yi shekara 62 suna rerawa, Bafaranshe ne ya tsara kalmominsa, sai a Yunin 2023 majalisar dokoki ta sauya shi.

Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin dubban mutanen da suka cika titunan Yamai ranar 3 ga Agustan 2023 ba, ranar da majalisar soja ta CNSP ta yi shelar soke yarjejeniyoyin soja da Faransa. Jakadan Faransa ya fita a watan Satumba, sojanta na ƙarshe ya bar ƙasar ranar 22 ga Disamba, Amurkawa suka miƙa sansaninsu na Agadas a Agustan 2024. A Oktoban 2024 titin da ke ɗauke da sunan de Gaulle a Yamai ya koma titin Djibo Bakary, a Yunin 2025 kuma gwamnati ta mayar da kamfanin Somaïr hannun ƙasa. Murnar da jama'a suka yi da waɗannan matakai daga zuci ta fito, kuma wanda ya ce duk ƴan haya ne bai san ƙasar ba.

Sai dai akwai tambayar da masu wannan ra'ayi ba su cika tsayawa a kanta ba: da wane iko aka kori jakada, aka soke yarjejeniya? Yankin da ke ƙarƙashin mulkin mallaka ba shi da jakadan da zai kora, gwamna gare shi, kuma gwamnan ne ke korar mutane. Sarauniya Mangu a Lugu da Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a 1899, da Kawsan a Agadas a 1916, sun tsaya da makami a hannu aka fi ƙarfinsu, abin da ya biyo baya shi ne zamanin da komandan ke ɗaure mutum kwana goma sha biyar ba alƙali ba shaida, da aikin tilas da ba a soke shi ba sai 1946, da ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926 ba a tambayi kowa ba. Ranar da Nasara ya tafi, yaran da ke zuwa lakkol ba su kai biyar cikin ɗari ba, kuma babu jami'a ko ɗaya sai 1971. Kujerar da Nijar ta hau a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 20 ga Satumban 1960, ita ce ta sa takardar da aka karanta a 2023 ta zama hukuncin da Faransa ta bi daga ƙarshe, tana so ko ba ta so. Wanda ya hau bene da tsani ba ya cewa matakin farko bai yi masa komai ba.

Akwai kuma abin da dattawa ke tunawa, samari ba su sani ba. A 1974, jim kaɗan bayan ya karɓi mulki, Seyni Kountché ya sallami sojojin Faransa da ke Yamai. Shekara arba'in bayan haka sun dawo, a bisa gayyatar wata gwamnatin ta ƴan ƙasa, domin raunin da ya kawo su tun farko bai warke ba. Fitar baƙon soja mataki ne babba, amma tarihi ya riga ya nuna cewa ƙofar da ya fita ta nan yake dawowa, matuƙar mai gida bai iya ciyar da kansa da tsare gidansa ba.

Nauyin da ke kan ɗan kasuwa da ma'aikaci

Kashi na biyu, masu cewa hali bai bar wurin buki ba, su ma lissafinsu a bayyane yake. Takunkumin da CEDEAO ta ƙaƙaba ranar 30 ga Yulin 2023 ya rufe iyakokin da kudancin ƙasar ke numfashi ta cikinsu: Ɗan Isa zuwa Jibiya, Kwanni zuwa Illela, Matamai zuwa Daura, Gaya zuwa Malanbil. Najeriya ta katse wutar da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da take sha. A watan Oktoban shekarar aka zabge kasafin kuɗin ƙasa da kashi 40 cikin ɗari. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma gwamnati ta bar gadar Gaya a rufe bisa dalilan tsaro, har shekarar 2025 ta same ta a haka. Kayan da a da ke tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano kai tsaye, suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, kamyo bayan kamyo cikin rakiyar soja, ana kwana da kwanaki ana jiran ayari ya cika. Kowane kwana da mota ta yi a tsaye, mai sayen shinkafa da awo ne ke biyansa.

An ɗauki matakan sassauci a 2024, kuma adalci ne a faɗe su: an rage kuɗin litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma guda, an rage kuɗin siminti, an raba kuɗin ganin likita biyu a asibitocin gwamnati. Amma daminar wannan shekarar ta zo da ambaliyar da ta kashe fiye da mutum 300, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, ta rushe tsohon masallacin Birni na Damagaram da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ta sa aka ɗage komawa lakkol kusan wata guda. Malamin kwantaragi, wanda shi ne ya fi yawa a azuzuwa, ya san yadda ake ƙirga kwanaki bayan wata ya mutu. Iyayen Maraɗi ba su manta gobarar Nuwamban 2021 ba, wadda ta cinye fiye da yara ashirin cikin azuzuwan zana.

Mafi nauyi duka shi ne jini. Sojoji 71 a Inates cikin Disamban 2019, 89 a Shinagodar cikin Janairun 2020, farar hula 137 a yankin Tiliya na jahar Tawa cikin Maris na 2021, masallata 44 a Fambita ranar Juma'a 21 ga Maris na 2025. Difa na fama da Boko Haram tun 2015. A Madarunfa da Gidan Runji ƴan bindiga na sace mutum daga gonarsa su nemi kuɗin fansa, ga ƴan gudun hijirar Zamfara da Sakkwato da suka fara kwararowa tun 2019. Wannan jerin ya ratsa mulkin farar hula da na soja duka biyun, don haka babu ɓangaren da zai ɗauke shi ya jefi ɗan'uwansa da shi. Uwar da aka kawo wa labarin ɗanta daga Tilaberi tana da haƙƙin ta ji kiɗan fareti ya yi mata ɗaci.

Duk da haka, in za a jira shekarar da babu kuka kafin a tuna da ƴancin kai, da wuya a samu 3 ga Agusta guda da aka raya tun 1960. Ta 1973 ta zo cikin farin da ya ƙare garkunan arewa. Ta 1984 ta zo cikin yunwar da mutanen kudu suka raɗa wa suna El Buhari, saboda ta haɗu da rufe iyakar da Najeriya ta yi a watan Afrilun shekarar. Ta 1991 ta samu wakilan ƙasa kwana biyar da buɗe Babban Taron Ƙasa, ana tone-tonen kisan ɗalibai na 9 ga Fabrairun 1990 a gadar Kennedy da abin da ya faru a Cintabaraden. Ta 1994 da waɗanda suka biyo ta sun samu ma'aikata na bin gwamnati albashin watanni. Ta 2005 ta zo yara na mutuwa da tamowa a Maraɗi, magabata na musun cewa akwai yunwa. Ta 2009 ita ce jajiberen ƙuri'ar tazarce. A duk waɗannan shekaru ƙasar ba ta watse ba, kuma iyakokinta na nan inda suke. Wannan kaɗai abin tunawa ne a yankin da ya ga abin da ya samu Libiya da Sudan.

Ranakun masu mulki da ranar ƙasa

Nijar ta ga juyin mulki biyar, a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023, ta kuma ga jamhuriya bakwai. Kusan kowane sabon mai mulki yana zuwa da jin cewa tarihi daga kansa ya fara, sai ya nemi ranarsa a kalanda. Zamanin Kountché ranar 15 ga Afrilu ce babbar salla: fareti, da wasannin Samariya, da jawabi ga ƴan ƙasa. Yau yaro nawa ne a lakkol zai iya faɗin abin da ya faru ran nan? Bayan Babban Taron Ƙasa an cire sunan Kountché daga babban filin wasa na Yamai aka sa masa 29 ga Yuli, daga baya kuma aka mayar masa da sunansa na farko. A 2024 an shigar da 26 ga Yuli cikin ranakun hutu na ƙasa. Ko za ta daɗe ko ba za ta daɗe ba, aikin da aka yi da ita ne zai yanke, ba dokar da ta kafa ta ba.

Ranakun da suka jure su ne waɗanda ba na mutum ɗaya ba: 18 ga Disamba ta kafa Jamhuriya, 24 ga Afrilu ta sulhun 1995 da ƴan tawayen arewa, da 3 ga Agusta. Sojan da ya kifar da Diori bai soke ta ba. Ƴan Sawaba da suka sha ɗauri da gudun hijira ba su nemi a soke ta ba. Darajarta ke nan: ita ce rana guda da mai goyon bayan gwamnati da mai sukarta, da ɗan tsohuwar jam'iyya mai mulki da ɗan tsohuwar adawa, za su tsaya ƙarƙashin tuta ɗaya ba tare da ɗayansu ya yi wa ɗayan mubaya'a ba.

Haɗarin da ke akwai shi ne a gauraya son ƙasa da yabon mai mulki, har wanda ya yi tambaya a kira shi ɗan koren Faransa. Wannan cuta ba yau ta fara ba. A 2020, da bincike ya bankaɗo ɓatan kuɗi kimanin miliyar 76 na sefa a cinikin makamai na ma'aikatar tsaro, waɗanda suka fara shiga kurkuku su ne ƴan ƙungiyoyin farar hula da suka fito zanga-zanga, a ƙarƙashin zaɓaɓɓiyar gwamnati. A 2024 an dakatar da Gidan ƴan Jarida, an dawo da hukuncin ɗauri kan abin da mutum ya rubuta a intanet, an tsare ɗan jarida Idrissa Soumana Maïga na wasu watanni, an kama Moussa Tchangari a watan Disamba. A Maris na 2025 an rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya, aka rantsar da Janar Abdourahamane Tiani na tsawon shekara biyar da za a iya sake duba su. Hamɓararren shugaba Mohamed Bazoum ya wuce shekara biyu a tsare ba a yi masa shari'a ba.

Taken da ya cika bakin jama'a tun 2023 shi ne «zancen ƙasa ne». To, in zancen ƙasa ne, ai kowane ɗan ƙasa yana da baki a cikinsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mutanen da suka ƙi a yanke musu hukunci daga Paris ba su yi haka don a riƙa yanke musu shi a ɗaki rufe cikin Yamai ba, kuma ba su kori wani uban gida don su ɗauko wani ba. Zuwan masu horar da soja daga Rasha a Afrilun 2024, da bashin dalar Amurka miliyan 400 da aka karɓa daga kamfanin CNPC na Sin a wannan watan a kan man da ba a sayar ba tukuna, mai yiwuwa larura ce ta kawo su. Amma sharuɗɗansu sun cancanci irin binciken da ake yi wa yarjejeniyar 1961, tun yanzu, ba sai bayan shekara sittin ba.

Darasin gawo

Tun 1975 aka haɗa 3 ga Agusta da dashen itace, bayan farin da ya nuna wa kowa cewa hamada ba ta neman izini. Wannan dabara ce mai kyau, kuma ita ta bambanta bukin Nijar da na maƙwabtanta. Sai dai kowa ya san yadda abin ke gudana a mafi yawan wurare: babban baƙo ya zo, a miƙa masa shebur, ya tura ƙasa, a zuba ruwa, a tafa, motoci su tashi. Kafin bazara akuya ta gama da abin da rana ta rage. Shekara mai zuwa a koma wani fili. Haka aka yi da madatsar ruwan Kandaji: ranar 3 ga Agustan 2008 aka aza tubalinta na farko, da alkawarin megawat 130 da dubban hekta na noman rani. Shekara goma sha biyar cif bayan haka, makon da Najeriya ta katse wuta, madatsar ba ta kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba.

Amma a daidai waɗannan shekaru wani abu ya faru a gonakin Maraɗi da Damagaram wanda ba a yi masa fareti ba. A ƙarƙashin dokar daji da aka gada daga Nasara, itace na hukuma ne ko da a tsakiyar gonar mutum ya tsiro, kuma mai gona na iya shan tara in ya sare reshensa. Sakamakon haka manomi ya ɗauki itace a matsayin abin jawo masa ma'aikacin gandun daji, sai ya riƙa sassabe shi tun yana toho. Daga 1983, wani ma'aikacin noma ɗan Ostareliya da ke Maraɗi, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka fara farfaɗo da hanyar da aka fi sani da sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututturen da ke toho, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Saiwar tana nan a ƙasa tun da can, abin da take jira kawai a daina yanke mata kai. Yunwar 1984 ta sa mutane suka saurara. Da hannun hukuma ya sassauta, sannan dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙarfafa haƙƙin mai gona a kan itacen gonarsa, abin ya bazu daga ƙauye zuwa ƙauye.

Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. Wanda ya bi hanyar Mirya, Matamai da Magarya ya ga gawo a jere cikin gero, yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana da taki, ya yi kore da rani ya ba dabba abinci. Duk dashen da aka yi gaban manyan baƙi tun 1975, in aka tara shi, bai kama ƙafar wannan ba. Kuma ba a ci bashin kowa ba.

Dalilin nasarar guda ne: manomi ya tabbata itacen nasa ne, kuma ba wanda zai zo ya hukunta shi don ya taɓa shi. Ƙasa ma haka take. Ɗan kasuwar da ya san inda kuɗin duwan ɗinsa ke zuwa ba ya neman hanyar daji. Ma'aikacin da ya san cancanta ce ke ɗaga mutum ba ya barin ofis tun azahar. Saurayin da ya san yana iya faɗin ra'ayinsa ya kwana a gida ba ya jin tutar ta wasu ce. Ɗiyaucin da ya tsaya a fadar shugaban ƙasa, bai sauko ya zama haƙƙin talaka a gaban jandarma da alƙali da mai karɓar haraji ba, irin dashen ranar buki ne.

Bukin da ya dace da halin da ake ciki

Saboda haka a raya 3 ga Agusta, amma a raya ta kamar yadda mai shago ke rufe littafinsa a ƙarshen shekara, ya san riba ya san faɗuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A fara da waɗanda suka mutu. A kowace jaha a karanta sunayen sojoji da farar hula da aka rasa cikin shekarar, a gaban iyalansu, kafin a buga ganga ko ɗaya. Wannan ba ya karya zuciyar mayaƙa. Abin da ke karya ta shi ne su ga an binne abokansu a shiru.

Sannan a zo ga lissafi. Asusun haɗin kai don ceton ƙasa da aka kafa a Oktoban 2023 yana cin kuɗi daga katin waya, da tikitin mota, da gumin ma'aikata da ƴan kasuwa. Bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ya fara fitar da ɗanyen mai a 2024. Uraniyom ɗin Arlit ya dawo hannun ƙasa. Jawabin shugaban ƙasa na daren 2 ga Agusta shi ne wurin da ya dace a baje wannan duka, layi bayan layi: nawa ya shigo, nawa ya fita, aji nawa na zana aka mayar na siminti, ina aka kwana kan Kandaji. Tun da dokar Maris ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, a buga lissafin da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci da sauran harsunan ƙasa, yadda mai tallar albasa a Galmi zai ji da kunnensa.

Wanda ke tsare saboda magana ko rubutu, ko a kai shi gaban alƙali a fili, ko a sake shi ya yi bukin cikin iyalinsa. Gwamnatin da ta iya tsayawa gaban Faransa da CEDEAO ba ta da abin tsoro a alƙalamin ɗan jarida.

Hisabin bai tsaya kan magabata kawai ba. Ɗan kasuwar da ya ɓoye hatsi a sito lokacin takunkumi yana jiran farashi ya ninka, da wanda ke ɗaga tuta da rana ya shigo da kaya ta bayan duwan da dare, shi ma yana da amsar da zai bayar. Haka ma'aikacin da takardar talaka ba ta motsi a teburinsa sai an ɗora mata goro. Nasara ya tafi fiye da shekara sittin, kuma ba shi ne ke karɓar na goro a shingen hanyar Dogonduci ba.

Daga ƙarshe, a canza ranar da ake yi wa itace tafi. Kowane gwamna da kowane perefe da ya dasa itace a watan Agusta, ya koma filin a watan Mayu, lokacin da zafi ya kai maƙura, tare da jama'ar gari, a ƙirga waɗanda suka rayu, a faɗi adadin a rediyo kafin a haƙa sabon rami.

Wanda ya ji zuciyarsa ta rabu biyu ranar 3 ga Agusta, rabi alfahari rabi ƙunci, bai yi laifi ba, kuma ba ƙarancin kishin ƙasa ke damunsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma sanin yoyon ne ke sa shi hawa rufi kafin ruwa ya sauko. Ya fito ran nan, ya gai da tuta, ya yi wa mamata addu'a, ya dasa itacensa ya kewaye shi da ƙaya, sannan ya tambayi magabata lissafin shekara ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya ba da damina mai albarka.